Daga sherwanin Jinnah zuwa kore da fari: yadda kayan bikin ƙasa suka sauya a Pakistan

Tambaya: Wata Hajiya mai saro kayan mata daga Pakistan ta ce duk watan Agusta sai ta ga shagunan da take hulɗa da su sun koma kore da fari, har gyale da awarwaro. Tana son ta san ko tun asali haka mutanen ƙasar suke shiga ranar bikin 'yancin kai, in kuwa ba haka ba ne, yaushe abin ya sauya, me ya sauya shi, kuma wane kaya ne ya cancanci a zuba masa kuɗi.

Amsa: Hajiya, ba haka aka faro ba. Shekaru arba'in na farko bayan kafa ƙasar a 1947, a ɗinki ake gane mai kishin Pakistan, ba a launi ba. Irin rigar da mutum ya sa, da wandonsa, da hular da ke kansa, su ne ke faɗin inda zuciyarsa take. Kore da farin da kike gani yanzu ya fara ƙarfi ne daga ƙarshen shekarun 1980, kasuwa kuma ta karɓe shi gaba ɗaya bayan shekarar 2000. Ranakun da ake wannan shiga uku ne manya: 14 ga Agusta ranar 'yanci, 23 ga Maris ranar tunawa da ƙudurin Lahore na 1940 da ya nemi a ba Musulmin Indiya ƙasa tasu, da 6 ga Satumba ranar tunawa da yaƙin 1965 da Indiya. Ta Agusta ce ta talakawa da 'yan kasuwa, sauran biyun sun fi karkata ga soja da fareti.

Tushen abin yana jikin Muhammad Ali Jinnah, wanda ya jagoranci raba Pakistan daga Indiya ya kuma zama shugabanta na farko. Lauya ne da ya yi karatu a Landan, aka kuma san shi da kwat ɗinkin Ingila wanda ba ya da makusa. A taron jam'iyyar Muslim League na Lucknow a 1937 ya fito sanye da sherwani da hular fatar ɗan rago, tun daga nan hular ta ɗauki sunansa, har gobe hular Jinnah ake ce mata. Sherwani doguwar kwat ce mai wuce gwiwa, mai tsayayyen wuya, maɓallai a jere daga maƙogwaro zuwa ƙugu, ana yi mata shafi a ciki da tauri a ƙirji domin ta tsaya cak a jiki. Ɗaliban jami'ar Aligarh, waɗanda suka yi wa neman Pakistan hidima sosai, baƙar sherwani ce rigar makarantarsu. Saboda haka wanda ya sa ta a wancan lokaci yana cewa ne shi Musulmi ne mai ilimin zamani, bai zama Bature ba, kuma ba ya cikin masu farar hular Gandhi ta jam'iyyar Congress. Da ita Jinnah ya halarci bikin miƙa mulki a Karachi a Agustan 1947, da ita kuma hotonsa yake a takardun kuɗin ƙasar.

Hular kanta tana da labari. Fatar jaririn ragon karakul ce, wanda ake fiɗewa yana ɗan kwanaki kaɗan da haihuwa tun gashinsa yana nannaɗe bai warware ba, yawancinta kuma daga arewacin Afghanistan ake kawo ta. Tana naɗewa ta kwanta shafal idan an cire. Ta gaske tana da tsada, asu yana cin ta, ruwa kuma yana ɓata ta, shi ya sa yawancin waɗanda ake sa wa yara yau na ƙyallen roba ne mai kama da gashi.

A ɓangaren mata, shigar ƙasa ta farko garara ce: gajerar riga, da wando mai faɗin ƙafa da ake tattarewa a gwiwa ya buɗe kamar siket, da babban mayafi. Fatima Jinnah ƙanwar shugaban, da Begum Ra'ana matar Firayim Minista Liaquat Ali Khan, su ne suka sa ta zama shigar taron hukuma. Kayan manyan gidajen Musulmin Lucknow da kewaye ne, waɗanda suka yi hijira zuwa Karachi, kuma tana cin yadi ƙwarai, mita shida zuwa sama a wandon kaɗai. Talaka ba ta da wannan halin. Kada ki manta miliyoyin mutane ne suka ƙetaro iyaka da kayan jikinsu kawai, manyan masaƙu kuma kusan duk sun faɗa ɓangaren Indiya. Masaƙar Valika da ke Karachi, a Satumban 1947 Jinnah ya aza harsashinta. Ƙasar da yadi yake wahalar samu ba za ta ɗinka kayan rana ɗaya ba. Abin da mutum ke yi shi ne ya wanke farin kayansa, ya sa bula da sitati, ya goge, in ya samu ya maƙala ɗan bajo a ƙirji. Tuta a kan sanda take, ba a jiki ba.

Zamanin mulkin Shugaba Ayub Khan, 1958 zuwa 1969, manyan birane sun koma kwat. Shi kansa yakan haɗa kwat da hular Jinnah, wato zamani a jiki, ƙasa a ka. Matan manya a Karachi da Dhaka sari suke ɗaurawa zuwa liyafar gwamnati ba tare da wani ya ga baƙon abu ba, domin fiye da rabin al'ummar ƙasar a Gabashin Pakistan suke, inda sari ne suturar kowace mace. 'Yan mata kuma suka shiga yayin matsattsiyar gajerar riga. A 1966 kamfanin jiragen saman ƙasar, PIA, ya ɗauko Pierre Cardin na Faransa ya zana wa ma'aikatansa mata kaya: gajerar riga mai ɗan buɗewa ta ƙasa, siririn wando, da ƙaramin mayafi da ya bi kai da kafaɗa. Telolin Karachi da Lahore suka kwaikwaya nan da nan. A nan an ɗauki riga da wando na gida ne aka gyara su domin su wakilci ƙasar a idon duniya.

Babban juyi ya zo bayan 1971, da Gabashin Pakistan ya ɓalle ya zama Bangladesh. Sari ya rasa mafi yawan masu ɗaura shi, a hankali aka fara kallonsa a matsayin kayan Indiya. Zulfikar Ali Bhutto, wanda ya karɓi mulki a lokacin kuma shi ma gwanin kwat ne, ya riƙa hawa dandalin siyasa da shalwar kamis, wato doguwar riga da wando mai faɗi, hannun riga a naɗe, maɓallin wuya a buɗe. Kafin shi, ɗan boko a birni yana ganin shalwar kamis kayan manomi ne da ɗan dako da mai gadi, manyan otal da kulob-kulob ma ba sa son ganin mai shi a ƙofa. Bhutto ya kira shi suturar talakawa, ya mai da shi abin alfahari. Dabarar tana da ƙarfi saboda wannan ne kaya ɗaya da Bapanjabe da Basindhe da Bafashtune da Babaloche duk suke sawa, kowa da irin yankansa. Sherwani ta manya ce, garara ta masu hijira ce, shalwar kamis kuwa na kowa ne. Shagon Teejays na Tanveer Jamshed a Karachi ya fara sayar da shi ɗinkakke a shekarun 1970, 'yan wasan talabijin suka sa, samari suka bi. Ɗinkin nan da muke kira 'yan Pakistan a kasuwanninmu, jikan wannan zamani ne.

Ziya'ul Haƙ, shugaban mulkin soja daga 1977 zuwa 1988, ya ɗauki abin da Bhutto ya mai da yayi ya mai da shi umarni. Daga 1982 aka wajabta wa ma'aikatan sakatariyar gwamnati sa kayan ƙasa a ofis. Nan ne aka samu shigar da har yau ita ce ta jami'i ranar ɗaga tuta: farin shalwar kamis mai sitati, da baƙar falmaran a sama, sherwani kuma ga manya. Mata masu karanta labarai da gabatar da shiri a gidan talabijin na ƙasa aka ce su rufe kai da mayafi, Mehtab Akbar Rashdi ta bar shirinta a kan wannan. A zamanin ne kuma gwamnati ta tura bikin 14 ga Agusta cikin unguwanni: tuta a kan kowane soro, ƙananan tutocin takarda da ake kira jhandiyan a jere bisa zare daga bango zuwa bango, fitilu a jikin gine-gine. Yaran da suka taso suna manna waɗannan takardu da ƙullun fulawa su ne iyayen da yau suke saya wa 'ya'yansu kore da fari. Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba: talabijin ɗin ƙasar ya fara aiki a 1964 da baƙi da fari, sai a 1976 ya koma mai launi. Kafin nan ko ka sa kore, toka-toka za a gan ka.

Abubuwa biyu ne suka sauko da tuta daga sanda zuwa jiki. Na farko, ranar 2 ga Disamba 1988 Benazir Bhutto ta yi rantsuwar kama aiki a matsayin Firayim Minista sanye da koren shalwar kamis da farin mayafi. Babu jinjirin wata a kayan, babu tauraro, amma kowa ya ga tutar. A ganina har yau ba a yi shigar kishin ƙasa da ta kai wannan hikima ba, kuma ita ce tsarin da mafi yawan mata suke bi ko sun sani ko ba su sani ba. Na biyu, kurket. Gasar cin kofin duniya ta 1992 ita ce ta farko da 'yan wasa suka sa kaya masu launi maimakon fari, Pakistan kuma ta lashe ta a Melbourne ranar 25 ga Maris ƙarƙashin Imran Khan, cikin jesi mai kore haske. Daga ranar jesi ya zama kayan ƙasa na samari. Na 1999 ya zo da ƙaton tauraro a ƙirji. Dattijon nan mai farin gemu da ake kira Chacha Cricket, wanda kyamara ke nemowa a filin wasa da koriyar riga da hula mai wata da tauraro, ya nuna wa mutane cewa ana iya sa tutar sukutum. Fentin kumatu ma daga filin kurket ya shigo bikin Agusta.

Sauran aikin kasuwa ce ta yi. Khaadi ya buɗe a Karachi a 1998, shagon J. na Junaid Jamshed a 2002, Gul Ahmed ya buɗe shagunansa na Ideas a 2003, Sapphire ya shigo a 2014. Waɗannan suna rayuwa ne a kan lawn, wato lallausan yadin auduga mai shara-shara na bazara. Kakar lawn tana farawa tun Fabrairu da Maris, zuwa Agusta kuwa zafi ya kusa juyawa, kaya sun yi kwantai a shago. Sai ranar 'yanci ta faɗo daidai lokacin da ɗan kasuwa yake neman dalilin karya farashi. Wannan ne asalin abin da suke kira Azadi sale, gwanjon 'yanci, inda za ki ga ragin kashi 14 cikin ɗari domin ya dace da ranar, wani lokaci ya fi haka nesa. A gefe kuma su fitar da 'yan kaya kaɗan na musamman: farar kurta, wato riga mai kaiwa gwiwa, mai koren surfani a wuya, gyale mai zanen hasumiyar Minar-e-Pakistan ko kabarin Jinnah, baitin waƙar Iqbal, babban mawaƙin ƙasar, da rubutun Urdu, zanen furanni da tsuntsaye irin na jikin manyan motocin ƙasar. Don haka, Hajiya, koren da kike gani a fuskar shago talla ne, ainihin cinikin watan a tsohon lawn mai rahusa yake.

Ƙasa da waɗannan akwai kasuwar titi, wadda ta fi girma. Daga farkon Agusta 'yan tebur suke cika bakin hanya, suna saro kaya daga Kasuwar Takarda ta Karachi, da Urdu Bazaar da Shah Alam a Lahore, da Raja Bazaar a Rawalpindi. Teburi ɗaya za ki tarar da tuta girma-girma, bajo mai ƙyalli da mai ɗan fitila, tishat, hular hana-sallah, tabarau mai siffar tauraro, gashin roba kore, rigunan jarirai, da ƙahon roba da ake kira baja wanda ke hana unguwa barci. Da yawa daga kayan robar daga Sin ake shigo da su. Awarwaron gilas kuwa na gida ne, birnin Hyderabad na Sindh ne cibiyarsa, mata kan haɗa dozin kore da dozin fari a hannu ɗaya. A 2020 har takunkumin fuska aka buga da wata da tauraro. Wayar hannu ta ƙara wa abin wuta, domin yanzu iyali gaba ɗaya, daga kaka har jariri, ake yi wa anko saboda hoto ɗaya da za a ɗora a Instagram ko Facebook. 'Yan ƙasar mazauna Bradford da Birmingham da New York sun fi na gida ma tsananta launin, tunda a can launin ne kaɗai zai nuna su a titi.

Wani reshe ya tsiro a gefe wanda ya kamata ki sani. A 2009 wani mai gabatar da shiri a talabijin ya soki Shugaba Asif Ali Zardari kan sa hular Sindh a tafiyar ƙasar waje. Mutanen Sindh suka fusata, suka fito da hularsu mai madubai da mayafin ajrak mai ja da shuɗi, daga nan aka samu ranar al'adun Sindh da ake yi Lahadin farko na Disamba. Baloch suna da tasu ranar 2 ga Maris. Tun daga nan sa ajrak, ko hular pakol ta Chitral, ko rigar Baloch mai aikin zare da dogon aljihu a gaba, ko takalmin Peshawar, ya zama wata hanyar cewa ni ɗan ƙasa ne. A makarantu ana shirya yara huɗu ko biyar kowa da shigar lardinsa, a tsakiya a tsayar da wani ɗan siriri cikin sherwani da hular Jinnah, kusa da shi yarinya da farin mayafi da hoda a gashi a matsayin Fatima. Ranar 6 ga Satumba da 23 ga Maris kuma kakin soja na yara ne ke tafiya, musamman tun da aka dawo da faretin Islamabad a 2015 bayan shekaru da dakatar da shi.

Yanzu ga abin da ya shafi kuɗinki. Babbar matsalar kore da fari ita ce zuba. Kore mai duhu yana shan rini da yawa, kuma duk rinin da bai kama zare ba yana nan kwance a saman yadin yana jiran ruwa. Agusta kuwa tsakiyar damina ce a can, ga gumi ga ruwan sama. Masaƙar kirki tana amfani da rinin da ke haɗuwa da zaren auduga, sannan ta wanke yadin da ruwan zafi da sabulu har sai rarar ta fita. Mai araha yana amfani da rinin da ke manne kawai, ko ya tsallake wankin domin ya rage kuɗi. Marinan bakin kasuwa da ke tsoma gyale a tukunya su miƙo miki cikin minti ashirin, nasu kusan kullum yana zuba. Gwajin ba shi da wuya: jiƙa farin ƙyallen auduga, ki goga shi sau goma a cikin kalmasar rigar ta ciki, ko ki shimfiɗa shi a kai ki ɗora dutsen guga mai zafi na daƙiƙa goma. In ƙyallen ya ɗauki kore sosai, kada ki sayi wanda aka haɗa kore da fari a riga ɗaya, domin wankin farko farin zai koma ruwan ganye kuma ba ya dawowa. Gishirin da ake cewa a jiƙa kaya da shi yana aiki ne a cikin tukunyar rini, ba ya ɗaure rinin da aka riga aka gama. Abin da ke taimako shi ne a wanke koren shi kaɗai da ruwan sanyi sau biyu ko uku har ruwan ya washe, kada a bar shi jiƙe a tare da fari a bokiti, a shanya a inuwa a juye. Tela mai hankali yana yin wannan wankin tun kafin ya haɗa ƙyallayen biyu.

Lawn kuma yana shigewa. Wanda ba a ɗinka ba yana zuwa ne kashi uku: na riga kamar mita 3, na wando mita 2.5, gyale mita 2.5. Audugar tsantsa takan rage kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, wato a mita uku za a iya rasa santimita 9 zuwa 15. In tela ya yanka bai jiƙa ba, riga za ta ɗage, hannu ya gajarce, kuma inda aka ɗora surfanin da aka yi a kan ƙyallen roba zai tattare, saboda yadin ya shige shi kuwa bai shige ba. A jiƙa na riga da na wando awa ɗaya ko biyu, a shanya, a goge, sannan a yanka. Gyalen siliki ko shifon ba ya buƙatar haka. Na maza, mita 4 zuwa 4.5 na yadi mai faɗi yana isar riga da wando, sai dai in shalwar ɗin Baloch ne mai yawan tattara da zurfin hantsa, wanda ke cin ninkin haka ko fiye. Farin da ake so na bikin shi ne latha, auduga mai ɗaukar sitati. Wanda suke kira wash and wear haɗin roba ne, ba ya yamutsewa amma yana riƙe zafi.

Tishat da jesi, duba yadda aka buga zanen. Wanda aka shafa da fenti mai kauri kamar roba yana buƙatar a gasa shi a zafin da ya kai kusan digiri 160 kafin ya kama. Masu gaggawar kakar Agusta sukan rage lokacin gashin, sai zanen ya tsattsage ko ya ɓare bayan wanki biyu. Ja zanen da yatsu biyu a hankali: in ya tsage ya nuna yadin ƙasa, bai gasu ba. Wanda kuma launin ya shige cikin zaren har ba ki jin tudunsa, ba ya koɗewa, amma in a kan foliyesta aka yi irin wannan bugu, rigar za ta yi zafi a jikin yaro. Fentin fuska na bakin titi ma a yi hattara da shi, sau da yawa fentin takarda ne, yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje.

Sai daidaiton tutar kanta, wanda masu bugu da yawa suke ɓatawa. Majalisar tsara mulki ta amince da ita ranar 11 ga Agusta 1947. Tsawo da faɗi uku bisa biyu ne, farin yana ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu ta wajen sanda, koren mai duhu ya ɗauki sauran. A tuta mai santimita 90 da 60, farin 22.5 ne, koren 67.5. Jinjirin watan yana tsakiyar koren, ba tsakiyar tutar duka ba, bakinsa yana kallon kusurwar sama ta nesa da sanda, tauraron mai tsini biyar yana cikin bakin. Kurakuran da aka fi gani su ne wata mai kallon hagu saboda an juya zanen wajen bugawa, wata mai kallon gefe sak irin na tutar Turkiyya, da kore mai haske irin na jesin kurket a maimakon mai duhu. Wanda ya fi damuna shi ne rage farin ko cire shi ɗungurungum. Farin nan yana wakiltar Kiristoci da Hindu da Sikh da Farsi da sauran waɗanda ba Musulmi ba na ƙasar, kuma ranar 11 ga Agusta ita ce ranar da gwamnati ta keɓe musu. Rigar da aka yi kore zalla da wata da tauraro ta fi kusa da tsohuwar tutar Muslim League fiye da tutar Pakistan.

Akwai kuma inda ba a sa ta. Mutanen ƙasar ba sa yarda a ga wata da tauraro a wando, ko takalmi, ko gefen riga na ƙasa da ake zama a kai, ko gyale mai jan ƙasa. Dokar laifuffukan ƙasar, sashe na 123-B, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ga wanda ya wulaƙanta tuta da gangan. Manyan shaguna sun fahimci wannan, shi ya sa suke tsayar da alamar a ƙirji ko kafaɗa ko wuya, ko su bar ta gaba ɗaya su yi wasa da launi kawai. Kowace 15 ga Agusta kuma za ki ga matasa suna bin titi suna tsince tutocin takarda daga ƙasa da kwata, har wasu sun fara yin tuta da takarda mai irin shuka a ciki domin a binne ta ta tsiro.

Idan don sayarwa a nan gida ne, kayan da ke da tuta ko taswira ko rubutun Urdu ranarsu ɗaya ce, ko a can ma farashinsu yana faɗuwa washegari, a nan kuwa babu mai nemansu. Abin da ya cancanci kuɗi shi ne farar kurta mai aikin zare, koren lawn marar alama da farin wando, gyale fari mai koren baki, da ajrak na gaske wanda aka buga da katako, ana gane shi da zanen da ya fito ta fuska biyu da 'yar rashin daidaito tsakanin bugu da bugu. Ki saro a makon gwanjon, daga kamar 10 zuwa 14 ga Agusta, ki fi mai da hankali ga lawn ɗin kakar da ake karyarwa, tunda zafinmu bai ƙare ba lokacin da nasu yake ƙarewa. In kuma kina tunanin masu neman kore da fari na 1 ga Oktoba ne, ki lura koren tutar Najeriya ya fi haske, na Pakistan yana kusa da launin kwalba. Ki nemi su turo miki hoton yadin a hasken rana kusa da farar takarda kafin ki biya, domin fitilar shago tana ƙara wa kore haske fiye da yadda yake.